Ranar Da Na Taka Birki Rabin Awa

Ba zan taɓa mantawa da ranar kai Hadiza ɗakin mijinta a Yauri ba. 'Yar ƙanwata ce. Ni na ja tawagar.

Shekara goma sha biyu na yi a Legas. Na kwana ƙarƙashin gada, an sare ni a kafaɗa, ban mutu ba. A Matameye kowa ya san a garaji na yi aiki. (Gadi nake yi. Ba wanda ya tambaya, ni ma ban faɗa ba.)

Mun bar gari ke nan motar amarya ta ƙi shiga giya. Ga hadari ya haɗo daga gabas, in ruwa ya sauka hanyar ta yanke sai gobe. Direban, Malam Sani, ya taka ambiriyaj, wato kulocin canza giya, ya tafi ƙasa lakwas.

"Iska ce ta shiga man ambiriyaj," in ji shi. "Zan shiga ƙarƙashin mota in kwance noti iskar ta fita, wani ya taka mini. Wa ya san mota?"

Mata suka juyo gaba ɗaya. "Ga Kawu ɗan Legas!"

Na naɗe hannun riga. Kowa ya sauka sai amarya, don ita ba ta sauka a hanya, ba ta magana. Tana baya cikin lulluɓi.

Na zauna, na duba ƙasa. Abin takawa uku. Na zaɓi na tsakiya, shi ya fi kama da babba.

"Taka! Taka! Riƙe!"

Na riƙe.

"Ko ɗigo bai fito ba. Yaya kake jin sa?"

"Tauri kamar dutse."

"Tauri? Ikon Allah. Sake!"

Rabin awa muna haka. Gumi ya jiƙa mini shadda. Malam Sani yana kwance cikin ƙaya yana zagin masu ƙera motar. Ni kuwa har bayani nake wa mata ta taga: "Aikin sai a hankali. A Legas ma haka muke yi."

Sai na ji murya daga lulluɓi, ƙasa-ƙasa.

"Kawu, birki kake takawa."

Na yi kamar ban ji ba. Ta ɗaga murya yadda har Malam Sani ya ji daga ƙasa.

"Kawu, na hagun ne!"

(Ashe ta koyi tuƙi a Damagaram.)

Malam Sani ya fito ya dube ni. Ya shiga karkaɗe ƙaya daga rigarsa. Gara ya zage ni. Gwaggon amarya ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Sauko, ɗan Legas, ba amarya wuri!"

Da lallenta ta taka. Man ya fito da kumfa, sannan ya zo sumul. Minti biyar. Muna shiga Yauri ruwa ya kece.

Yau ko jaki na hau, sai an ce mini, "Kawu, na hagun ne!"

Tun ranar, in aka ce wa ya san mota, cewa nake gadi na yi. Ƙofa na sani, ita ma daga waje.