Sahabi a Bayan Kujerar Alhaji

"…da gida, da hidima? To madalla. Ina ƙahwa, bawana?"

"Ƙahwa lahiya lau. Ina tumbi?"

"Tumbi ya gode Allah. Tun daga kwanar masallaci nike kallon wani mutum shina tahiya ƙasa, nic ce wanga ya yi kama da Sahabi. Sai dai Sahabi ba shi taka ƙasa, iska ka ɗaukar shi."

Maccido ke nan, yana zaune a ƙofar shagonsa na albasa yana goge mashin ɗinsa. Sahabi taubashinsa ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa, kuma duk Illela an san ba sa haɗuwa a rabu ba a yi ba. Shekarun baya tare suka sayo mashin iri ɗaya daga Kwatano, irin na tsere wanda mutum ke kwanciya a kan tanki, samari suka sa masa suna Shirwa. Maccido bai daɗe ba tasa ta kayar da shi cikin rairayi a hanyar Garu. Ya jingine ta bayan gida ya sayo wani ƙaton mashin mai faɗin hannu da kujerar jingina da jakunkunan fata, wanda ake kira Kujerar Alhaji. Sahabi kuwa ya riƙe tasa Shirwar har kamfanin da ke ƙera ta ya rufe, kayan gyaranta suka ɓace a kasuwa.

Abin da ya kawo shi a ƙafa ke nan. Ɗan akwatin wutar Shirwa ya ƙone, an nema daga Sakkwato har Ƙonni babu. Bashar makanike ya ce ko a kawo akwati, ko ya cire injin ya sa mata na kabu-kabu. Ni dai ban taɓa ganin babban mutum ya rame saboda ƙarfe ba sai Sahabi.

"Ina Shirwa?" in ji Maccido. "Ko ta bi masu ita lahira?"

"Hutawa takai. Mashin mai gudu shi ka gajiya. Wanga gadon asibitin naka mi zai gajishe shi? Jaki ya wuce ka ranar Lahadi, da kaya bisa."

"Na bar shi ya wuce don jakin ɗan'uwanka na. Ni in na hau mashin zama nikai irin na manya, in gaida mutane su gaishe ni. Kai ko ka duƙe, kai ƙasa, ɗuwawu sama. Inna ta ce tunda kas sai abin ga ba ta ƙara ganin huskarka ba, sai bayanka."

"Ai gudun na ba ta iya gani. Na taɓa barin Illela ana kiran salla, na iske ba a gama kira ba Ƙonni."

"Ƙarya kakai. Ni na taɓa barci bisa nawa tun daga Gidan Katta, ya kawo ni gida da kainai, ya yi sallama."

"Don shi ma barcin shikai."

Maccido ya yi dariya har tsumman da yake goge mashin da shi ya faɗi. Sahabi bai yi ba. Ya gyara tsayuwa, ya dubi ƙasa, ya dubi sama, domin roƙon taubashi ba ƙaramin abu ba ne.

"Maccido, gawar Shirwarka da ke bayan gida. Akwatin wutarta nike so."

"Mi? Ɗaga murya, kunnen ubangida ya yi nauyi."

"Akwatin wuta nac ce!"

"Ayya. Da ka zo jiya. Na sai da ta ga 'yan gwangwan. Matata Tasalla ta dame ni wai kunamu sun yi gari ciki."

Sahabi ya nemi buhun albasa ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba.

"Ka sai da ta? Ita kaɗai tar rage duk ƙasar ga!"

"Suna can bayan kasuwa suna loda mota. In mun yi sauri ƙila mu iske ba su hwasa ta ba. Hau mu tahi."

"In hau mi?"

"Gadon asibiti. Ai ka yi kama da mai jinya."

Sahabi ya sha rantsuwa a majalisa cewa gara ya hau amalanke da ya hau Kujerar Alhaji. Ya duba hagu, ya duba dama, babu ɗan kabu-kabu ko ɗaya. Ya tattare riga ya hau.

To, wanda bai san Maccido ba zai ce da gangan ya yi, wanda ya san shi kuma zai rantse da gangan ne. Mashin ya tashi da wannan gurnani nasa, dum-dum-dum, amma tafiyar ba ta fi ta mai tallan nono ba. Ya bar gajeriyar hanya ya bi ta gaban masu shayi, ya bi ta majalisar masu mashin, yana ɗaga hannu.

"Sannunku da hutawa! Kun ga bawana? Na ɗauko shi shan iska!"

"Don Allah murɗa, Maccido!"

"Ba a murɗa wanga, lallashi nai akai. Ka jingina bayanka, an yi wurin don talakawa irinka."

"Ba ni jingina. Wanga ba mashin ba na, falo na anka sa ma taya. Saura talabijin da labule."

"Kuma shi ka tahiya, taka tana kwance. Kamhwanin nawa na nan da rai. Naka sun ji labarin kai ka hawa, sunka kulle ƙohwa sunka gudu."

"Sun rufe don duniya ba ta san abin kirki ba. Masu tumbi sun yi yawa."

"Alhaji Yari, ina wuni! Ga Sahabi na gaishe ka!"

Sahabi ya ja hula ya rufe ido. Bai hana yara bin su suna tafi ba.

Da suka isa bayan kasuwa, motar 'yan gwangwan ta kusa cika. Sahabi ya diro tun mashin bai gama tsayawa ba. Bai sha wahalar nema ba, domin jan fentin ya nuna kansa. An bubbuge tankin da guduma ya zama faranti, an zare wayoyi don jan ƙarfen ciki, wurin da akwatin wuta yake zama babu komai sai rami. Ya tambayi masu loda kayan, suka ce haka aka kawo ta.

Ya tsuguna ya dafa tankin. Gaskiya ya ba ni tausayi. Tasa Shirwar ce ta kai shi neman aure, ita ta kai shi Tawa ranar da aka ce mahaifinsa ya kwanta a can, ya iske shi da sauran numfashi. Yanzu za a cusa mata injin kabu-kabu tana tafe tana kuka kamar injin markaɗe.

"Shi ke nan," ya ce a hankali. "Bashar shi sa abin da zai sa."

"Haba, kada ka yi man kuka cikin mutane," in ji Maccido. "Buɗe jakka ta dama ka ɗauko hankici ka share hanci."

"Ka bar ni, Maccido. Yau ba ni da bakin wasa."

"Ubangida ya aike ka. Buɗe."

Sahabi ya miƙe ya fizge marfin jakar don a ƙyale shi. Babu hankici. Wata tsohuwar hula ce a nannaɗe da zare. Ya kwance, sai ga ɗan baƙin akwati da bai fi sabulun wanka ba, wayoyinsa a naɗe tsaf, an sa shi a leda kada ruwa ya taɓa. Ya juya shi, ya sake juyawa.

"Wanga… na Shirwa na."

"A'a, na keken ɗinkin Inna na."

"Yaushe kac cire shi?"

"Ranar da nij ji kamhwanin ya rufe. Na san taka za ta mutu wata rana, kuma na san ba ta mutuwa wurin kirki, sai cikin daji. Tun ran nan shina cikin jakkar ga. Duk sadda anka ce ka bi hanyar Ƙonni, ba ni kashe waya sai na ji ka dawo."

Sahabi ya ɗaga akwatin ya dubi Maccido.

"Shina aiki?"

"Jiya Bashar ya gwada shi ga Shirwarka. Bugu guda tat tashi, kaji sunka watse."

"Bashar? Da shi anka haɗa baki? Shi da yac ce man injin kabu-kabu!"

"Ni nac ce shi hwaɗi hakanan. Gawar ga ma shekara da shekaru tana bayan gida, sai da nij ji taka ta kwanta nik kira 'yan gwangwan."

"To mi ya hana ka ba ni tun ƙohwar shago, azzalumi?"

"In ba ka can, wa zai gan ka bayan Kujerar Alhaji? Yanzu Illela duk ta shaida."

Sahabi ya yi wata irin dariya mai haɗe da ajiyar zuciya, har sai da ya goge ido da tsohuwar hular. Ya cusa akwatin cikin aljihun gaba ya dafe shi da hannu.

"Allah shi isa tsakanina da kai. Allah kuma shi bar man kai."

"Amin ga ta biyun. To hwaɗi gaskiya, wane ya hi?"

"Shirwa. Ko gobe."

"To taka da ƙahwa zuwa garejin Bashar."

Sahabi ya dubi rana, ya dubi ƙafafunsa da suka yi futu-futu. Ya tattare riga ya hau ba tare da an sake cewa ya hau ba. Mashin ya fara dum-dum-dum. Maccido yana kallo ta madubi ya ga taubashinsa ya saki kafaɗu, ya zame kaɗan, ya jingina bayansa a wurin da ya rantse ba zai jingina ba.

"Mu bi ta gajeriyar hanya, ko? Na san kana sauri."

Sahabi ya lumshe ido, hannunsa na kan aljihu.

"Bi ta doguwar. Kuma in ka hwaɗa ma kowa, ƙarya kakai."