Ɗinki Uku na Jan Zare

"Lafiya lau na kwana, sai dai ganinka da sassafe ya ɓata mini rana. Ina gajiya, maigida marar cefane?" in ji tsohuwar.

"Ba gajiya, amarya marar haƙori. Wa ya bar ƙofa a buɗe kika fito?"

Masu talla suka yi dariya. Kasuwar gefen titi ce a arewacin Umdurman ta ƙasar Sudan, irin waɗanda suka tsiro bayan yaƙi ya cinye manyan. Ilyasu na tsugune gaban tabarmar mai takalma lokacin da kakarsa, Iya Bakhita, ta sauko daga raksha, keken haya mai ƙafa uku, da sandarta da kwandon cefane. Takardar digirinsa na nan cikin leda, bai taɓa cin ko sisi da ita ba. Tun ranar da suka gudo daga gidansu na Alhilla Kuku da ke ƙetaren kogin Nilu, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ƙirjinsa ya ɗaure. Likita ya ce ya riƙa gudu da safe. Ga shi yau gaban takalma iri biyu: baƙi sabo fil, da ruwan toka na gwanjo mai kaurin soso a ƙasa.

"Takalmin me kuma?" in ji Iya. "Zance za ka je ka bar ni?"

"Na gudu ne. Likita ya ce."

"Kai har sai likita ya koya maka gudu? Ranar da bom ya faɗi bayan gidanmu, silifa ɗaya ka bari a tsakar gida, ɗaya a bakin titi. Barewa ma cewa ta yi a ba ka hanya."

"Da buhun ƙasusuwa a bayana! Wa na goya har tashar mota, tana dukan ƙeyata wai na manta mata tukunyar gahawa?"

"Ai ka manta ta. Kakan ubanka da ƙafa ya tako daga Kano, shekara bakwai, fatar ƙafarsa ce takalminsa. Kai kuwa sai an shimfiɗa maka katifa ƙarƙashin dunduniya."

"Shi ya sa ya maƙale a nan bai kai Makka ba. Da ya sami mai soso, da yanzu muna Jidda muna shan sanyi. Kuma ki daina cika baki, in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba."

Ta zunguri baƙin da sanda. "Ɗauki wannan. Sabo ne, ya dace da angon da bai da ko akuya."

"Wannan? Ƙasansa kamar busasshen burodin bara. Kwana uku gwiwata za ta zama irin taki, in riƙa salla a zaune."

Ya zura ƙafa cikin ruwan tokan, ya miƙe, ya ɗan yi tsalle. Laushi kamar an taka ƙullun alkama. Rabon da ya ji jikinsa ya saki haka har ya manta. Ya cire domin ya duba cikinsa. A bakin dunduniya, ta ciki, ga ɗinki uku na jan zare.

Aikin Iya ne. Duk takalmin da ya shiga gidansu sai ta yi masa alama, don kada a musanya a ƙofar masallaci, kowane jika da adadinsa. Na Ilyasu huɗu ne. Uku na yayansa Dabo ne, mai gudu a bakin Nilu kowace asuba, wanda ya koma Kuku a mako na uku na yaƙin don ya ɗauko wa Iya maganinta. Da wannan takalmin ya fita. Shekara biyu ke nan, har yau Iya cewa take yana wani gari, waya ce babu.

Ilyasu ya tura takalmin bayansa, ya rungumi baƙin.

"Na fasa. Kin yi gaskiya, tsohuwa, sabo ya fi."

"Ni na yi gaskiya? Tun da aka haife ka ban taɓa jin haka daga bakinka ba. Ina busasshen burodin?"

"Namiji ai tauri yake so. Wancan na ragwaye ne, ga warin ƙafar wani."

"Warin ƙafa ya dame ka, kai da ƙuda ke suma in ka cire safa? Miƙo in gani."

"Da wane idon? Jiya kin gai da tulu kin ce Malam ina kwana."

"Ya fi ka amsa gaisuwa. Miƙo."

"Iya, rana tana yi, mu tafi."

Rabonsa da kiranta Iya a bainar jama'a tun yana yaro. Ta dube shi. Sai ta sa ƙugiyar sanda ta jawo takalmin ta tsakanin ƙafafunsa. Idonta ya yi rauni, amma yatsun da suka yi ɗinkin ba su manta ba. Babban yatsanta ya bi bakin dunduniyar, ya tsaya, ya koma, ya sake bi.

"Ɗana," ta ce wa mai takalman, "daga ina wannan?"

"Hajiya, a buhu ake kawo mana daga ƙetaren kogi." Ya kawar da kai. "Ba ma tambaya."

Ta daɗe tana share ƙurar takalmin da gefen mayafinta. Da ta yi magana, muryarta ta dishe.

"Ka ga shashashan yayanka? Tun yana ƙarami haka yake, kullum sai ya yar da takalmi. Yanzu yana can yana yawo ba takalmi, kamar kakan ubansa."



Ta kwance bakin mayafi ta biya abin da aka faɗa. Matar da ke ja-in-ja a kan gishiri har mai shago ya yi rantsuwa, yau ko tayi ba ta yi ba. Ta dangwara masa takalmin a ƙirji.

"Ungo. Kayanmu ba ya kwana a tabarmar kasuwa. Amma aro ne, ka ji? Ranar da mai shi ya dawo, ka cire ka koma silifa."

"Ya yi mini ɗan yawa," ya ce da ƙyar.

"Komai nasa ya yi maka yawa, har hankali. Cusa tsumma."

"To ki ƙara ɗinki ɗaya, kada a ce na sata."

"A ce mana. Allurata ta ɓata."

Allurar na nan soke a gefen mayafinta, da guntun jan zare, rana na haska ta. Ilyasu ya dube ta, dariya ta ƙwace masa. Ya goge ido da bayan hannu, ya ɗauki kwandon.

"Kin ci, amarya. Uku ya isa."