Kunun Yaye a Gidan Gwaggo

Ba zan taɓa mantawa da wata hantsin Asabar a gidan Gwaggo Hajara da ke Argungu ba. Har yanzu in na tuna, sai in rufe fuska da mayafi in yi ta dariya ni kaɗai.

Lokacin ina digiri na biyu a fannin abinci da gina jiki, ina zaune wajen iyayena a Birnin Kebbi. Bincikena a kan kunun yaye ne, na shinkafar Zauro da gyaɗa da garin busasshen kifin Argungu. Na yi watanni ina suya ina niƙa, har kayan sawata suka ɗauki ƙarnin kifi, ƙannena suka raɗa mini Sarkin Ruwa. (Ni kuwa a raina, ni ce wadda za ta sa kumatun jariran bakin gulbin Rima su ciko kamar farin wata.) Abu ɗaya ya rage mini: mata su ɗanɗana kala ukun da na haɗa, su faɗi wanda suka fi so. In ba a yi a ranar ba, babin ƙarshe ba zai rubutu ba, sai na jira wani zango. Malamata mai duba aikin, wadda muke kira Dakta, ta ce za ta zo ta gani da idonta.

Gwaggo ce ta tara mini mata. Na roƙe ta ta haɗa masu goyo da tsofaffi, tunda a gidajenmu kaka ke yanke abin da jika zai sha. Na shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya, na zaunar da su a gauraye yadda littafi ya ce, kada ƙawa ta zauna kusa da ƙawa su haɗa baki. Na yi jawabi mai daɗi, har da batun ruwan Rima da ya shayar da shinkafar ya kuma raini kifin. Aka raba kofuna.

Masu goyo suka sunkuyar da kai, kowacce tana juya cokali. Wata ma ta ja mayafi ta rufe baki. Tsofaffin da suka ga haka, su ma suka ɗora kofunan a cinya suna kallon ganyen darbejiya. Kunu na hucewa yana kama jiki. Dakta ta dubi agogo, ta dube ni.

Na ce shi ke nan, ƙarnin kifi ne ya kore su. Sai wata dabara ta faɗo mini (da ma ba ta faɗo ba). Na ɗauki kofi, na tsuguna gaban wata dattijuwa mai farin mayafi da ban taɓa gani ba, na ce, "Inna, wallahi ba ƙarni, duba ki gani!" Na kafa kai na shanye. Na ɗauki na biyu, na kurɓa da ƙara don kowa ya ji. Na uku har da lasar cokali, kunu na bin haɓata, ina cewa, "Kai, daɗi!"

Gwaggo ta fito daga madafa a guje ta damƙi hannuna. "Ke! Mi ya same ki? Wagga innar Bashiru ce, daga Gulma!"

Bashiru shi ne wanda aka sa mana rana da shi bayan girbin shinkafa. Baffanninsa ne suka zo neman aurena, mahaifiyarsa kuwa ban taɓa sanin fuskarta ba. Na ɗaga ido a hankali na dubi tabarmi, sai a lokacin na gane abin da na aikata: kusan kowace mai goyo na dasa ta ne gaban uwar mijinta. Ni da aka haifa a ƙasar nan, na san sarai mace ba ta cin abinci gaban surukarta. Su suna kare mutuncinsu, ni kuma ina gaban tawa ina lasar cokali.

Innar Bashiru ta yi ta dariya har tana share ƙwalla. "Na taho in ga amarya a sace, ashe har cinta zan gani! Ku bar ɗiyata. Hajara, ƙaro mata, ba ta ƙoshi ba." Dakta ta juya mana baya, amma kafaɗunta sai rawa suke yi.

Gwaggo ta kwashe tsofaffi zuwa ɗakinta, masu goyo suka rage a tsakar gida. Nan da nan aka kankare tukwane, gardama ta kaure, wannan ta ce a ƙara gyaɗa, waccan ta ce na tsakiyan ya fi santsi. Dakta ce ta ɗauki bayanansu da kanta, domin ni ina bayan randa a madafa, na ƙi fitowa. Babina dai ya rubutu, na kuma kare aikina gaban malamai lafiya.

Tun bayan biki ban sake iya kai ko loma baki a gaban Inna ba. In an kawo abinci sai ta ce, "Ci mana, ɗiyata, wace kunya kuma ta rage?" Yanzu duk ɗalibar da ta zo neman shawarata kan gwajin ɗanɗano, ba na fara tambayar me ta dafa. Cewa nake ta je ta binciko wa ke auren ɗan wa.