Ilu da Baƙaƙen Lantana

A Tungar Maje, can bakin iyakar Nijar, an yi wani mutum wai shi Ilu. Ba mahaukaci ba ne, kada a yi masa sharri, amma duk abin da ka faɗa masa haka zai aikata shi, ba ragi ba ƙari. Matarsa Dije ce take warware masa magana kafin ya yi ɓarna. Da amai da gudawa suka ɗauke ta, sai gidan ya rage daga shi sai 'yarsu Lantana, mai shekara biyar. Ranar sadakar arba'in, Sallau, yayan marigayiyar da ke zaune a birni, ya ce a gaban dangi, "Ba zan bar 'yar ƙanwata ta tashi sakarya ba. In damina ta wuce, a gwada ta a makaranta. In ta karanta baƙaƙen Turanci a allo, ta zauna. In ta kasa, na tafi da ita." Ilu ya ce to, alhali duk duniya ba shi da kowa sai yarinyar nan.

Wata rana ya je wurin Malama Uwani, mai koyar da ƙananan yara. Ta yanka masa kwalaye, kowanne da harafi ɗaya, ta yi ta nanata masa sunayensu har suka zauna masa. Ta ce, "Kullum ɗaya, ya zama shi za ta fara gani in ta buɗe ido." Tun daga ranar, da ya idar da sallar asuba sai ya durƙusa a kanta, kwali a saitin hancinta, yana jira. Yarinya kuwa sai hantsi take farkawa. Maƙwabcinsa ya ce, "Ilu, ka tashe ta mana, ciyawa na cin gonarka." Ya ce, "Malama ba ta ce a tashe ta ba." Haka noman fari ya wuce shi, geron ya tsaya iya gwiwa.

Wata rana Malama ta ce, "Ta riƙa zana su da yatsa a yashi, hannunta zai saba." To, ƙasar gidan Ilu laka ce. Maimakon ya ɗebo yashin, bawan Allah sai ya kama hannun yarinya suka nufi gulbi, tafiyar rabin yini. Ta zana baƙaƙe uku, hadari ya haɗo, ruwa ya yi musu dukan tsiya. Kwana shida tana kwance da zazzaɓi, shi yana zaune a gindinta yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Wata rana kuma ta ce, "Kunnenta ya riƙa jin yaren Turawa, ko a rediyo ne." Ilu ya ja akuyar da ake tatsa wa Lantana nono, ya musanya ta da tsohuwar rediyo. Ya murɗa har ya ji yaren da bai gane ba, ya zaunar da ita a gabanta wata guda cur. Ran da Malama ta leƙo, ta saurara, ta dafe kai. "Ilu, wannan ai Faransanci ne daga Nijar." Ya ce, "Ba Turawa ba ne su?" Ga yarinya ta rame, ga babu akuya.

Ranar gwaji Sallau ya iso da motarsa, dangi suka cika tagogin ajin. Aka zaunar da Lantana a tabarma, Malama ta nuna harafin farko a allo. Shiru. Ta nuna na biyu, yarinya ta ƙura ido, ta sunkuyar da kai. Sallau ya yi tsaki ya ce, "Ai dama gado ne." Malama, don dai ta fita haƙƙi, ta ce, "Ilu, matso da ita kusa da allo." Ilu ya sungume ta, bai tsaya ba sai da hancinta ya kusa goge alli. Mutane suka fara dariya. Ana cikin dariyar sai aka ji muryar yarinya tana kiran baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, uban na jan ta a jikin allo, har ta kai ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ba.

Malama ta sa ya ja da baya taku uku, ta ɗaga yatsu biyu ta ce, "Nawa ne?" Lantana ta ce, "Ina?"

Malama ta ce, "Kan yarinyar nan ƙalau yake. Nesa ce ba ta gani. Sai an kai ta asibitin ido a birni, a ba ta tabarau, a riƙa duba ta a kai a kai."

Sallau ya sunkuyar da kai ya ce, "Ta karanta. Na yi magana a gaban mutane, ta zauna."

Ilu ya dubi Malama. "In ta zauna wurina, idon zai gyaru?"

"A'a, Ilu."

Ilu ya ce wa Sallau ya tafi da ita. Da hannunsa ya ƙulle mata kayanta a zanen uwarta. Da aka sa ta a mota tana kiran Baba, Malama ta ce, "Tsaya inda za ta gan ka, ku yi sallama." Ilu ya manna fuskarsa a gilashin taga. Mota ta tashi, ya bi ta da gudu, fuska a manne, har ƙafa ta gaza shi ya faɗi a bakin hanya. Ya miƙe yana ɗaga wa Lantana hannu, ko da yake yanzu ya san ba ta ganinsa.