An Ji Ra'ayinmu, An Janye Mana Nas

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Kula da Majinyata a Gida, gatan marasa gata, mai kunnen sauraron talaka.

Bayan gaisuwa irin ta na ƙasa ga na sama, da fatan iyali suna lafiya. Ni tela ce, ina jinyar mahaifina da ɓarin jikinsa ya shanye. Kwanciya ta ci masa baya har ya yi gyambo, nas ɗin ofishinku ce ke zuwa duk Laraba ta wanke. Na rubuto in yi godiya kan binciken da kuka ce tare da mu za a yi don a gyara aikin. Sai 'yan abubuwa da ba su taka kara sun karya ba.

Na ɗaya, Allah ya ƙara basira ga wanda ya sa taron jin ra'ayin masu jinya ranar Laraba da safe. Na kulle Baba na tafi, don an ce wanda bai zo ba kada ya yi kuka daga baya. Nas ta zo ta yi ta buga ƙofa. Baba yana ji, amma da zai iya tashi ya buɗe, ai da ba mu dame ku ba tun farko.

Na biyu, aka zaunar da mu, aka shimfiɗa hotuna a ƙasa, aka ba kowa tsakuwa ya ɗora kan abin da ya fi buƙata. Ga hoton allon sanarwa, ga na lasifika, ga na sabon zauren taro. Maƙwabcina mai wanki, da ke jinyar matarsa, ya ce wa jami'arku mai jagorantar taron, "'Yata, ina hoton nas da auduga?" Jami'arku ta ce a tafa masa. Muka tafa. Lasifika ce ta ci zaɓe, ni ma ita na ba, don kada in koma gida da dutse a hannu.

Na uku, sakamako. An gano cewa waɗanda suka zo taro suna iya barin majinyatansu, ashe buƙatarsu ba ta kai ta kawo ba. Waɗanda ba su zo ba kuwa ba su da ƙorafi. Ina ni ina jayayya da masu ilimi? Tun daga nan ba mu sake ganin nas ba, an ce an mayar da ita sashen wayar da kai. Yanzu da ragowar ƙyallen ɗinki nake wanke ciwon, kullum faɗi yake ƙarawa. Tsoro nake ji, ranka ya daɗe, wannan kam ba wasa.

Jiya an aiko in zo taro na biyu, a tabbatar da abin da aka gano. A gafarce ni, wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani gudu yake yi. Amma tunda ra'ayin masu cin moriyar shirin kuke nema, ga mai cin moriyar nan kwance a ɗakina. Ciwon ya ɗauke masa magana, sai dai duk lokacin da na ɓamɓare ƙyallen daga bayansa akwai wani sauti da yake yi. Ku turo jami'arku da rikodarta ta ɗauka.

Taka mai biyayya, mai durƙuso har ƙasa,

Tela, 'yar mai gyambo.