Zakara Ko'ina Ka Danna

Wani ne a Karaye, mai rubuta allunan shaguna. Rubutun ma sai a hankali, don shi ne ya taɓa rubuta wa mai shayi "Ana sayar da shanu". Abu ɗaya ya iya zanawa a duniya, zakara. Mai aski ya ba shi aiki, zakara. Mai faci, zakara. Amma in ka ji shi yana cika baki a majalisa, sai ka rantse shi ya zana tutar ƙasa.

Rannan wani ofishin hukuma ya tashi yin manhajar waya, yadda mutum zai kai kukansa daga gida ba sai ya hau mota ba. Surukin gogan naka yana da faɗa a ji a wurin, sai ya cusa shi a aikin zanen alamomi.

Shugabar aikin, Hajiya Halima Sadiya, ta zaunar da shi ta ce, "Malam, kowane wajen dannawa muna son alama. Na ruwa, na taki, na haihuwa, na rasuwa. Su zama iri ɗaya, duk wanda ya gani ya san namu ne. Wanda bai yi boko ba ma ya gane."

Ya ce, "Hajiya, kar ki wahalar da bakinki. Iri ɗaya ko? An gama."

Ya koma gida ya zana zakara. Ya kwafe shi sak, ya liƙa a ko'ina. Hajiya ta yi tafiya, suruki ya ce da masu haɗa manhaja su ɗora kawai, aikin ƙwararre ba ya son bincike.

Ranar kasuwar Rogo aka fita gwaji. Aka samu wani dattijo, Baba Ɗanmaliki, manomi daga Falgore. Ya ce rijiyar burtsatsen unguwarsu ta lalace, mata har rafi suke zuwa ɗebo ruwa. Aka miƙa masa waya.

Ya duba ya ce, "Yaro, kaji nake gani."

Gogan ya ce, "Danna na ruwa, Baba."

"Wanne ne na ruwan?"

"Wanda ya fi kama da mai jin ƙishi."

Baba ya yi bisimilla ya danna ɗaya. Aka karanta masa abin da ya fito: "Mun karɓi labarin rasuwa. Allah ya jiƙan Ɗanmaliki."

Ya ce, "Innalillahi! Yaushe?"

Ya yi maza ya danna na kusa da shi. Waya ta ce, "Barka da sauka lafiya! Mace ko namiji?"

Baba ya dangwarar da wayar a kan buhun gyaɗa ya ce, "Na mutu, na haihu, duk a tsaye, kuma har yanzu ba ruwa!"

Labari ya kai wa Hajiya. Ta sa aka kira shi, ta ce, "Malam, mene ne haɗin zakara da ruwa?"

"Yana sha, Hajiya."

"Taki fa?"

"Kashinsa. Tambayi kowane manomi."

"Haihuwa?"

"In ba shi, ina kaza za ta ƙyanƙyashe?"

"To, rasuwa?"

"Haba Hajiya, kin taɓa ganin zakaran da ya tsufa?"

Hajiya ta dafe kai. Korarsa ba ta yiwuwa, ga suruki. Ta ce, "Cire min kajin nan. Ka sa rubutu, amma manya, don tsofaffi masu raunin ido su gani."

Ya ce, "An gama."

Ya je ya ƙara wa rubutu girma, ya ƙara, ya ƙara, sai da harafi ɗaya ya cika fuskar waya. Wani direba ya fara jan "Barka da zuwa" da yatsa tun daga tashar Karaye, har aka shiga Rogo bai fita daga "Barka" ba.

Hajiya ta ce, "Bawan Allah, ka saurare ni da kyau, wannan ce ta ƙarshe. Abin da nake nema, da mai gani da marar gani su zama daidai a manhajar nan. Kar wani ya fi wani. Ka gane?"

Ya ce, "Ai da tun farko haka kika faɗa!"

Ranar ƙaddamarwa zaure ya cika. Ga masu unguwanni, ga 'yan kasuwa, ga suruki a gaba ya sha babbar riga. Aka kunna babban allo. Baƙi ƙirin. Aka ce ko wuta aka ɗauke. Gogan ya miƙe yana gyara hula ya ce, "Wuta na nan, jama'a. Baƙin rubutu ne a kan baƙar fuska. Yanzu ba wanda ya fi wani!"

Zaure ya kaure da surutu. Suruki ya sunkuyar da kai yana neman takalminsa. Gogan ya ga abin zai kwaɓe masa, ya waiga neman mai shaida. Sai ya hango Malam Lukumanu, shugaban makafin yankin, wanda aka gayyato. Ya ruga ya danƙa masa waya a hannu.

Ya ɗaga murya ya ce, "Ku yi shiru, ga wanda aka yi domin shi! Malam, tsakaninka da Allah, ka ga wani aibi a aikin nan?"

Malam Lukumanu ya shafa wayar gaba da baya, ya miƙa masa abarsa, ya ce, "Ban gani ba, ɗana. Amma ni ƙyanda ce ta cinye min ido tun ina goye. Kai me ya cinye naka?"