Ranar da Na Yi Waƙa da Muryar Gardi

Shekarar da raƙumin maƙwabcinmu Tanko ya faɗa rijiya aka yi bikin jikata a Dumega. Aka ɗauko mawaƙin zamani daga Dogon Dutsi, ba ganga, ba 'yan amshi, sai lasifika. Ni kuwa da ƙuruciya, in na ɗaga murya a dandali, samari barin tuwo suke.

Na gyara ɗaurin zane, na fizge abin maganar daga hannunsa. "Ɗana, matsa ka ji waƙa."

Ashe waƙar cikin na'ura take, baki kawai yake motsawa. Na wangame nawa bakin, muryar gardi ta ci gaba da zuba kalaman soyayya, mata suna faɗuwa don dariya.

Cikin sa'o'ina Hajo kaɗai ta rage. Har yau in na gaishe ta sai ta russuna ta ce, "Lahiya lau, Malam. Ya iyali?"